DARASI: YADDA AKE HAƊA MAJIGI DON GABATAR DA KARATU A TARON MATA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa a Musulunci, darasinmu na wannan fitowa a kan majigi ne, wato na'urar nan da ke ɗauko rubutu da hoto daga kwamfuta ta haska su a bango, jama'a su gani baki ɗaya. Rassa da dama yanzu sun mallake shi. Wasu da kuɗin karo-karo suka saya, wasu kyauta aka ba su, wasu kuma aro suke yi a makaranta. Sai dai sau da yawa yana nan cikin kwalinsa a ɗakin Amira, domin babu wadda ta iya haɗa shi. Ranar taro sai a zauna jiran wani yaro da aka ce ya iya. Kafin ya zo, ya nemi waya, ya koma neman mai, sa'a guda ta wuce, la'asar ta kawo jiki, mata sun fara ɗaukar mayafi.

Wannan hasara ce babba, kuma 'yan'uwanmu na bakin iyaka sun fi kowa jin ta. Mu ɗauki Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin. Ƙasa ce mai faɗi, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun kai kimanin 238,000. Idan aka kira taro a garin Bagudo, wata daga Ka'oje za ta taso ta bi ta gadar Tuga, wata daga Illo, wata daga Lolo, wata daga Tsamiya can bakin iyaka. Kowacce sai da ta nemi izinin maigida, ta ɗora sanwa da wuri, ta bar yara wurin kishiya ko maƙwabciya, ta biya kuɗin mota ko babur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kin san kuɗin mota ba wasa ba ne. Matar da ta yi wannan ɗawainiya, lokacinta amana ne a hannun masu shirya taro. Idan ta koma gida maigida ya tambaye ta me aka karanta, ta ce ai wuni aka yi ana gyaran na'ura, kina ganin zai sake barin ta ta zo?

To, abin da darasin nan yake so ki riƙe shi ne: majigi ana gama shirya shi ne kafin mace ta farko ta shigo ɗaki, kuma 'yan'uwa mata ne da kansu ya kamata su iya shirya shi.

SHIN ABIN YANA DA ASALI?

Koyarwa da abin da ido ke gani ba baƙon abu ba ne a addininmu. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa zana gida mai kusurwa huɗu, ya ja layi a tsakiyarsa har ya fita waje, ya yi wasu ƙananan layuka a gefen layin, sannan ya bayyana wa sahabbai cewa misalin ɗan'adam ne da ajalinsa da ya kewaye shi, da burinsa da ya zarce ajalin, da kuma lalurorin da ke tarar sa. Haka nan ya zo daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa mata sun roƙi Annabi (SAW) ya keɓe masu rana tasu ta karatu, ya kuwa keɓe masu.

A ƙasarmu ma muna da gado. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da matan aure a cikin harshen da suke ji. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa don kada a bar kowa a baya. Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, wato ƙasar baffanta Malam Abdullahi, don haka wannan gado na gida ne.

Shi kansa majigin tsoho ne a wurinmu. Tambayi iyaye su ba ki labarin motar majigi da ke zuwa ƙofar fada da dare, tun zamanin Turawa har zuwa zamanin Sardauna, ana nuna tsabta da noma da yaƙi da jahilci. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya irin waɗannan finafinai a 1939. Abin lura, motar ba ta tafiya sai da mai bayani da Hausa, domin an gane hoto shi kaɗai ba ya karantarwa.

A wuri irin Bagudo amfanin hoto ya ninku. A zaure ɗaya za ki tarar da Bahausa da Bafulatana da Bazabarma da mai jin Dandanci, ga kuma wadda aka auro daga Segbana ko Madekali a tsallaken iyaka, wadda in ta yi boko da Faransanci ta yi. Wasu ajami kawai suke karantawa. Amma idan aka haska da'ira aka raba ta gida takwas aka shafa wa gida ɗaya launi, aka ce wannan shi ne tumunin da matar mamaci ke gada idan ya bar 'ya'ya, kuma in su biyu ne ko huɗu wannan yankin dai za su raba, kowa ta gane. Haka zanen ɗawafi ga maniyyata: ga Ka'aba a hagunki, ga inda ake farawa daidai Hajarul Aswad, ga kewaye bakwai.

NA ƊAYA: KAYAN DA ZA KI TARA

Kwana ɗaya kafin taro ki shimfiɗa tabarma ki jera waɗannan, ki gan su da idonki:

1. Majigin da wayar wutarsa da rimot, da batir mai rai a cikin rimot ɗin.
2. Kwamfutar hannu da cajarta, a cika ta da caji tun dare.
3. Wayar hoto. Iri biyu aka fi samu. HDMI mai baki siriri ce, tana ɗaukar hoto da sauti tare. VGA mai shuɗin kai ce da ƙananan allurai 15, hoto kawai take kaiwa. Ki duba jikin kwamfutar da bayan majigin, ki tabbata duka biyun suna da rami iri ɗaya. Sababbin kwamfutoci sirara wasunsu ba su da ko ɗaya, sai an sa masu ɗan mahaɗi a ramin USB-C.
4. Doguwar wayar jan wuta mai soket uku ko huɗu.
5. Sitabilaiza.
6. Farin yadi mai kauri, faɗin kamar mita biyu, da igiya da ƙusoshi ko maƙalan shanya.
7. Lasifika da makirfo, idan ɗakin babba ne.
8. Darasin a rubuce a takarda.

Ga wani abu da ya shafi 'yan bakin iyaka musamman. Kayan wuta da suka shigo ta Benin, irin waɗanda muke ce wa 'yan Kwatano, galibi filoginsu ƙafa biyu ne zagayayyu irin na Faransa, alhali soket ɗinmu na Najeriya ƙafa uku ne masu faɗi. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, wajen 220 zuwa 230, don haka matsalar a bakin filogi kawai take. Ki sayi adafta ki ajiye cikin jakar majigin. Don Allah a daina tura tsinke ko mabuɗi cikin soket don a cusa filogi. Sannan ki karanta ɗan rubutun da ke ƙasan na'urar. In kin ga an sa 100 zuwa 240, lafiya lau. In 110 ko 120 kaɗai aka sa, kayan Amurka ne, wutarmu za ta ƙona shi nan take.

Idan reshenku sayen majigi zai yi, a duba ƙarfin haskensa, wanda ake aunawa da lumen. Don ajin makaranta da rana, a nemi mai lumen 3,000 ko fiye. Ƙananan nan masu araha da ake rubuta manyan lambobi a kwalinsu, yawanci sai cikin duhu sosai suke nunawa. A ce wa mai shago ya kunna a gani da rana kafin a biya. In na hannu ne, a shiga cikin jerin saitinsa a duba sa'o'i nawa ƙwansa ya yi yana aiki, domin ƙwan yana da iyaka, yawanci 'yan dubban sa'o'i ne, kuma canza shi da tsada. Masu fitilar LED sun fi daɗewa nesa ba kusa ba.

NA BIYU: MAGANAR WUTA

Kada ki gina taro a kan wutar gwamnati. Ki ɗauka babu ita, in ta zo alhamdu lillahi. Majigi mai ƙwai yakan ci wat 250 zuwa 350, kwamfutar hannu kuma ba ta cika wuce 90 ba. Ƙaramin janareta na gida, mai bayar da wat 650, zai ɗauke su har da lasifika madaidaiciya. Amma fa kada wata ta zo ta jona dutsen guga ko abin dafa ruwa a kai. Masu son cajin waya a keɓe masu wani wuri ko su haƙura sai an tashi.

A cika tanki tun kafin a fara. Ba a ƙara mai inji yana aiki, kuma ba a ƙara shi yana da zafi. A tayar da janareta tukuna, a bar shi minti biyu ko uku muryarsa ta daidaita, sannan a jona sitabilaiza, sannan majigi. Wutar da ke hawa da sauka ita ce babbar mai kashe waɗannan na'urori.

'Yar'uwa, wannan kuma maganar rai ce: janareta a waje ake ajiye shi, a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita shida. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ke kuma kin rufe tagogi don hoto ya fito, ga masu ciki, ga jarirai a goye. Kada a sa shi a baranda ko a zaure wai don tsoron ɓarawo. A sa yaro mai hankali ya zauna daga nesa yana kula da shi. In wurin yana da sola da inbata, ya fi, ba ƙara ba hayaƙi. Sai dai ki tambayi mai wurin ko batir ɗin zai riƙe na sa'o'in da kuke bukata.

NA UKU: ƊAKI DA ALLO

Ki je ki ga ɗakin a daidai lokacin da za a yi taron. Ajin da yake da inuwa da hantsi yana iya cika da rana bayan azahar. Ki zaɓi bangon da hasken ƙofa ko taga ba ya dukan sa. Tagogin da ke kusa da allon su za a rufe da zane mai duhu, na baya a bar su a buɗe iska ta shiga. A watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kebbi yakan haura digiri 40, in kika toshe ko'ina, ba mai fahimtar komai, kuma shi kansa majigin in ya yi zafi kashe kansa yake yi.

In bangon fari ne mai santsi, ya wadatar. In ba haka ba a ɗaura farin yadin, a ja shi ya miƙe sosai, a ɗaure kusurwoyinsa huɗu. In aka bar ƙasansa yana lilo, rubutu zai yi ta rawa. Idan a kan kujeru ake zaune, ƙasan hoton ya kai tsayin ƙirjin mutum a tsaye, don kawunan na gaba kada su tare na baya. In a tabarma ne, a sauko da shi kaɗan don kada wuya ya gaji.

Majigi a kan tebur mai ƙarfi ake ɗora shi, ya fuskanci tsakiyar allon sak. Yawancinsu, kowace mita ɗaya ta faɗin hoto tana son nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan don hoto mai faɗin mita biyu, ki ja tebur baya taku uku zuwa huɗu manya. Kada a ɗora shi a kan darduma ko matashi, kada a jingina jaka ko hijabi a gefensa, domin ta nan yake shaƙar iska. Wayoyi kuma a bi da su ta gindin bango, ko a rufe su da tabarma. Taronmu ba ya rabuwa da yara masu rarrafe da tsofaffi masu sanda.

NA HUƊU: HAƊAWA, MATAKI-MATAKI

Ki iso aƙalla sa'a ɗaya kafin lokaci. Ki yi Bismillah, sannan:

1. Komai yana kashe, ki sa wayar hoto, baki ɗaya a kwamfuta, ɗayan a majigi. In ta ƙi shiga kada ki danna da ƙarfi, juya ta za ki yi. Allurar VGA in ta lanƙwashe, launin hoto ya lalace ke nan.
2. Ki jona wutar majigi, ki cire murfin idonsa, ki danna maɓallin kunnawa sau ɗaya. Ki ba shi kamar minti ɗaya, haskensa a hankali yake tasowa.
3. Ki kunna kwamfuta.
4. In bango ya nuna shuɗi kawai, ki nemi maɓallin da aka rubuta wa Source ko Input, ki yi ta dannawa har ya faɗo kan sunan wayar da kika sa.
5. In har yanzu shiru, ki danne maɓalli mai alamar taga a kwamfutar, ki haɗa da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito a gefe. Ki ɗauki na biyu, shi ne mai sa abin da ke gabanki ya fito a bango. Ko da kwamfutar 'yar Benin ce mai Faransanci, na biyun dai shi ne.
6. Akwai zobe a jikin idon majigin. Ki murza shi a hankali har rubutu ya fito tar. Wasu suna da zobe na biyu na ƙara girman hoto ko rage shi.
7. In hoton ya yi sama sosai ko ƙasa, akwai 'yar ƙafa a gaban majigin da ake murzawa. In samansa ya fi ƙasansa faɗi kamar bokiti, ki gyara da maɓallin da aka rubuta wa Keystone.
8. In akwai bidiyo, ki gwada sauti yanzu. Lasifikar cikin majigi ba ta da ƙarfi, gara a jona babbar a jikin kwamfuta.
9. Daga nan ki taka zuwa sahun ƙarshe ki zauna inda tsohuwa za ta zauna. Abin da ba ki iya karantawa daga can ba, ita ma ba za ta iya ba.

Ban da leƙa idon majigi yana kunne, kuma a hana yara, haskensa yana cutar da ido.

NA BIYAR: ABIN DA ZA A HASKA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwashe takarda guda a zuba a bango, malama ta juya wa jama'a baya tana karantawa. Shafi ɗaya, magana ɗaya. Layi huɗu ko biyar sun isa, da manyan haruffa, girman 30 ko fiye, baƙi a kan fari. Darasin minti arba'in, shafi goma zuwa goma sha biyu sun wadatar. Inda zane zai yi aiki, a bar rubutu. In ana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari na leda ga yaro mai gudawa, a nuna ledar da irin mazubin da ake samu a garin, da ma'aunin ruwan da aka rubuta a jikin ledar.

Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama 'yan akwatuna in aka buɗe aikin a wata kwamfutar. Larabci ma yakan wargaje, haruffa su rabu ko su juya. Maganinsa, in an gama shiri a PowerPoint, a adana kwafi na biyu a matsayin PDF, a sa a filashi, a tura wani a waya. Aya ko hadisi kuwa, kada a haska sai malama ko malami ya duba baƙi da wasali. Ki kuma tuna iyayenmu da suka yi makarantar allo da ruwayar Warshu suka yi karatu, 'yan Islamiyya kuma da Hafsu. Ki faɗi ruwayar da kika ɗauko tun farko, don kada wata Hajiya ta ɗauka kuskure aka yi. Game da hoton abu mai rai, malamai suna da maganganu. A bi abin da malaman reshe suka tsayar, kuma sau da yawa zane marar fuska ya isar da saƙo.

NA SHIDA: SIRRI DA MUTUNCI

Nan ki natsu da kyau. Majigi ba ya da kunya, duk abin da ke fuskar kwamfuta shi zai ɗora a bango. In hoton da ke fuskar naki ne ba lulluɓi, ko na bikin ƙanwarki, to mata ɗari sun gani. In WhatsApp yana buɗe, saƙon maigida zai faɗo a tsakiyar darasi kowa ya karanta. Saboda haka kafin a jona waya, a rufe komai sai darasin, a kashe intanet, a canza hoton fuska zuwa launi kawai. In kwamfutar ta aro ce, ta maigida ko ta ɗanki, ki roƙe shi ya buɗe maki darasin ya rufe sauran. Ke ma kada ki shiga abin da ba a aike ki ba.

Haka nan ba a haska hoton wata 'yar'uwa, ko ɗanta marar lafiya, ko cikin gidanta, sai da yardarta da ta mijinta. A garuruwanmu kowa ya san kowa, har tsallaken iyaka dangi ne. Hoton da aka nuna a Illo da safe, kafin dare labarinsa ya kai Lolo.

Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa muke so mata su iya aikin. Akwai darussa na haila da biƙi da wankan gawa da zaman aure, waɗanda mace ba za ta saki jiki ta yi tambaya ba matuƙar ga namiji zaune a gefe yana danna kwamfuta. In dole sai an nemi taimakon namiji, ya zo da wuri ya haɗa, ya nuna wa wadda za ta riƙe, ya fita.

NA BAKWAI: LOKACIN GABATARWA

Ki tsaya a gefen allo, fuskarki ga jama'a, kada ki shiga cikin hasken. Wata 'yar'uwa ta zauna wurin kwamfuta tana juya shafi in kin yi mata alama. A PowerPoint, maɓallin F5 ne ke fara nunin. Harafin B kuma yana baƙanta allon, in an sake danna shi hoto ya dawo. Ki yi amfani da shi idan za a yi addu'a, ko ana tambaya, ko an kira salla, don hankali ya dawo wurinki. In akwai mai fassara zuwa Fulatanci ko Zabarmanci, kada a juya shafi sai ta gama. Ya tabbata daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Ke ma kada saurin na'ura ya ja ki.

NA TAKWAS: IN ABU YA ƘI

Hoto ya ɓace? Ki fara da waya, galibi ita ce ta saki. Hoto ya koma kore ko ja? Wayar VGA ce ba ta zauna ba, ki ɗaure 'yan kusoshinta. Majigi ya mutu da kansa, wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa? Zafi ne ko ƙura, ki bar shi ya huce. Amma ki sa wa kanki doka: minti biyar kawai za a ba gyara. In bai tashi ba, ki ɗauki takardarki da alli ki ci gaba. Jajojin Nana Asma'u da ka suka riƙe karatunsu, kuma ya kai inda aka aike su. Malamar da ta san darasinta ba ta tashin taro don inji ya mutu.

NA TARA: KASHEWA DA AJIYA

Ki danna maɓallin kashewa, yawanci sau biyu. Za ki ji fanka tana ci gaba da juyawa, ƙwan take sanyayawa. Kada a zare waya, kada a kashe janareta, sai ta yi shiru. A gaya wa mai kula da inji wannan tun farko, domin da ya ga mata sun fara fitowa zai kashe. A mayar da murfin ido, a bar shi ya huce sarai kafin a sa a jaka.

Ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce. A gefensa akwai ɗan soso mai tace iska, a riƙa ciro shi ana kakkaɓewa. Idon kuma da ƙyalle mai laushi ake share shi, ban da bakin zane, ban da yawu. In za a kai shi ƙauye a babur, a naɗe jakar da bargo a rungume, kada a ɗaure a bayan babur. In da damina ne ko za a shiga kwalekwale, a sa jakar cikin babbar leda a ƙulle.

Kayan ƙungiya amana ne. A buɗe ɗan littafi: wa ta ɗauka, yaushe, me da me ke cikin jaka, yaushe ta dawo da shi. A liƙa jerin kayan a cikin murfin jakar. Rimot da wayar hoto su suka fi ɓata, kuma rashin waya ɗaya ya isa ya hana amfani da na'urar gaba ɗaya. A kuma yanke shawara a zaman shugabanni ko za a riƙa ba da aronsa don kallon biki ko ƙwallo, don kada a bar Amira ita kaɗai da jin nauyin masu roƙo.

AIKIN GIDA

Kowane reshe ya zaɓi mata biyu, babba ɗaya da matashiya ɗaya daga cikin ɗaliban Islamiyya, domin in aure ko haihuwa ya ɗauke ɗaya, ɗaya tana nan. Su ɗauki wannan darasi su haɗa majigin su kwance shi sau uku a ranar da ba taro, ana duba agogo. A karo na uku, insha Allahu, ba za su wuce minti goma sha biyar ba. Sannan kowaccensu ta koya wa wata. Reshen da ba shi da majigi ya roƙi wata makaranta ta ba shi aron sa'a biyu don a koya. Kada tsoron lalatawa ya hana ki taɓawa, 'yar'uwa. Hannun da ya iya keken ɗinki da injin markaɗe ba zai kasa wannan ba.

Allah ya sanya albarka a cikin tarukanmu, ya saka wa mazajen da ke barin iyalinsu neman ilimi da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.